Kwamfutar Gayya

A yankinmu na Kura da Bunkure, kuɗi na da lokacinsa. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ke biyo magudanai har Kadawa, mutum ya yi tumatir da alkama da rani, ya koma shinkafa da damina. Shekarar da kwandon tumatir ya yi daraja a Kwanar Gafan kuwa, kowa hannunsa a sake yake. A irin wannan kaka ce na faɗa a gida cewa zan haɗa kwamfutar tebur mai gudu, in huta da kwana zaune ina gadin tsohuwar laftof tana tace bidiyon bikin mutane.

Dangi suka ce ai ba za su bar ni ni kaɗai ba. Kawu ya ɗauki nauyin furosesa, don an gaya masa ita ce ƙwaƙwalwa. Yayana da ke aiki a Kano ya ce bod nasa ne. Abokina mai injin casar shinkafa ya ɗauki ram. Kowannensu ya je shago daban ya ce a ba shi mafi ƙarfi, kuma babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa me ya sayo.

Ranar haɗawa aka shimfiɗa tabarma a zaure, yara suka cika ƙofa. Na buɗe kwalin Kawu: Intel ce, ƙasanta shafal, sai ɗigo-ɗigon ruwan gwal guda 1700, domin irin wannan allurorinta a jikin bod suke. Na buɗe na Yaya: bod ɗin AMD ne mai gurbin AM4, ramuka ne reras suna jiran furosesa mai allura 1331. Na ɗora, ta zauna a sama tana lilo.

"Kai ɗan nan, danna da ƙarfi," in ji Kawu. "Sabon abu ne, sai ya saba."

Na ce a gwada ram tukuna. DDR5 abokina ya sayo, bod kuma DDR4 yake ci. Tsawonsu ɗaya, haƙoransu 288 kowanne, amma 'yar tsagar da ke tsakiya ta ɗan goce, an yi haka da gangan don kada a cusa wani a gurbin wani. Kafin in gama bayani mutumin ya aika yaro ya ɗauko zarto daga wurin injinsa, wai a faɗaɗa tsagar. Da ƙyar na ƙwace.

Na kwashi kayan sai Titin Beirut a Kano. Wani matashin injiniya ya baje su a kan benci, ya dube su, ya dube ni, ya kira maƙwabcinsa shi ma ya zo ya gani. Da suka gama dariya ya ce, "Yallaɓai, daga furosesa ake farawa. Ita ke zaɓar bod, bod ya zaɓi ram, katin hoto kuma ya faɗi girman akwati da ƙarfin fawa-fak." Aka yi musaya, na yi ciko, na dawo da Ryzen 5 5600 da ram ɗin da ya dace.

Komai ya shige gurbinsa. Na danna maɓalli, fanka ta juya, yara suka yi ihu, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Kawu ya matso ya yi masa tofi. Na kira injiniya, ya ce ai wannan ba ta fitar da hoto da kanta, sai 'yar'uwarta mai harafin G a ƙarshe, in ba haka ba a sa katin hoto. Na sayo kati na hannu, mai fanka uku, sai ga shi ya fi akwatin tsawo. Mai walda na bakin titi ya yanke ƙarfen da ya tare hanya, ya karɓi kuɗinsa, ya ce in da wata kwamfutar a kawo.

Hoto ya fito. Na ɗora bidiyon wata amarya daga Bunkure, ana isowa wurin kamu injin ya ɗauke ɗif. Tsohon fawa-fak mai wat 250 ne a ciki, katin kuma ba ya son ƙasa da 550. Wannan kam Kawu ya gane shi nan take. Ya ce, "Injin ban-ruwa mai inci uku kuka ɗaura wa tiyo mai inci biyu." Kuɗin kwando biyu suka sake tafiya.

Yanzu dai tana gudu, ba ƙarya. Aikin da ke cinye dare tana gama shi kafin shayi ya huce, in dai akwai mai a janareta, kuma an kakkaɓe ƙurar buntu daga fankokinta. Sai dai aika bidiyon ga ango a Kaduna ya zama sabon aiki, don sai na hau gefen magudanar ruwa ina ɗaga waya sama ina neman sabis. Jiya Kawu ya same ni a can, ya tambayi abin da ya rage. Na ce intanet ce ba ta da ƙarfi.

"Bar mini wannan," ya ce. "Jibi zan shiga Kano, zan ce a ba ni mafi ƙarfi."