Daren Ambulan: Jama'ar Jirgi a Gaban Sarkin Tebura

Jirgin ruwan shaƙatawa gari ne guda da aka ɗora bisa teku. Icon of the Seas, wanda ya fara jigila daga Mayami a watan Janairun 2024, yana iya kwasar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Kowane gari kuwa da masu sarautarsa. Kyaftin shi ke riƙe da sitiyari, amma mulkin tumbi yana hannun wani mutum mai baƙar kwat da ke tsaye a ƙofar babban falon cin abinci, hannu a goye a baya, murmushi kamar da gam aka manna masa. Faransawa ne suka raɗa masa suna, har yau ma'aikatan jirgi "metirdi" suke ce masa. Ni dai Sarkin Tebura na sa masa.

Shi ke yanke hukuncin inda za ka zauna da wanda za ka zauna da shi har kwana bakwai. Shi ke raba jama'a gida biyu, masu cin abincin ƙarfe shida da masu cin na wajen takwas da rabi. In miya ta huce, in maƙwabcin tebur ya cika surutu, in gyaɗa tana kumbura wa ɗanka fuska, gabansa ake kai ƙara.

A da, daren ƙarshe daren ambulan ne. Za ka tarar da ambulan-ambulan na saka tukuici a ɗakinka: na sabis, na mataimakinsa, na mai gyaran ɗaki, da na Sarkin Tebura. Yanzu manyan kamfanonin Amurka sun sauƙaƙa wa kansu, suna ɗora wa kowane fasinja tsakanin dala 16 zuwa 20 a kullum a cikin lissafinsa, a raba wa ma'aikata. Sai dai ambulan ya ƙi mutuwa, tambayar ma ta ƙi mutuwa: shi mai baƙar kwat ɗin, a ƙara masa wani abu ko a bar shi? Kwana bakwai na yi a wani jirgi tsakanin Mayami da tsibiran Karibiyan, kuma a kan wannan tambaya kaɗai na ga halayen 'yan Adam iri-iri.

Na farko shi ne Akawu. Tun daren farko wayarsa na gefen faranti, ya buɗe kalkuleta. Ya riga ya buga: dala 18 sau kwana 7 sau mutum 2, dala 252 ke nan sun tafi. Daga nan ya koma ƙidayar zuwan Sarkin Tebura. Sau uku ya leƙo teburinmu, kowane zuwa daƙiƙa 40, jimla minti biyu. "In na ba shi dala 10," in ji Akawu, yana nuna mana fuskar wayar, "ya zama dala 300 a awa. Ko likitan zuciyata ba ya karɓar haka." Matarsa ta ci gaba da yankar kifinta cikin natsuwar wadda ta shekara talatin tana jin wannan karatu. A ƙarshe dala 7 ya saka, ya kuma tambaya ko ana ba da rasit.

Na biyu Mai Riga-kafi. Shi ba ya jiran daren ƙarshe. Jirgi bai bar gaɓa ba ya isa ƙofar falo, ya naɗe dala 20 ƙanƙane kamar laya, ya maƙale ta a tafin hannu, ya miƙa gaisuwa. Sun ɗan jima hannu cikin hannu, ido cikin ido. Washegari sai ga shi a teburin mutum biyu jikin taga, yana kallon rana na faɗawa cikin ruwa, mu kuwa muna kusa da ƙofar kicin muna sauraren ƙarar kwanuka. Da na tambaye shi sunan abin da ya yi, ya ce godiya ce. Mu dai a saninmu tukuici yana bin bayan saƙo ne. Wanda ya riga saƙo isowa, akwai sunan da muke kiransa da shi, kuma ba a faɗinsa a gaban alƙali.

Na uku Ɓatan-dabo. Dare shida bai yi fashi ba. Shi ne mai neman farantin nama na biyu, shi ne mai cewa a kawo kayan zaƙi kala uku ya ɗanɗana. Ya san sunan sabis, yana kiransa "abokina". Daren bakwai kujerarsa fayau. Can za ka same shi a hawa na sama, wurin abincin ɗebi-da-kanka, ya ja hula ya rufe goshi, yana cin taliya a lungu kamar wanda ake bi bashi. Da safe in kun haɗu a layin sauka sai ya dafe ciki ya ce teku ce ta juya shi. Teku kuwa daren nan lumui take kamar ruwan randa.

Na huɗu Mai Aƙida, kuma galibi daga Ingila ko Ostareliya yake fitowa, inda ba a saba da wannan al'ada ba. Za ka gan shi a layin teburin kula da baƙi yana jiran a cire masa kuɗin kullum-kullum. Hujjarsa kuma ba ta banza ba ce. Ya ce kamfanin da ya iya gina jirgi mai hawa goma sha wani abu ya iya biyan ma'aikacinsa. Ya ce wannan ɗabi'ar Amurka ce, ƙasar da dokar tarayya ta bar mafi ƙarancin albashin mai karɓar tukuici a dala 2.13 a awa tun 1991. Ya ce kamfanin P&O na Birtaniya ya soke nasa kuɗin tun 2019, jiragensa ba su nutse ba. Duk gaskiya ne. Abin da kawai ya ɓata lissafin shi ne, wa'azin a kan kamfani aka yi, amma aljihun da ya ji zafin bulalar na wani matashi ne daga Filifin ko Indonesiya da ya wata shida bai ga 'ya'yansa ba sai ta waya. Mai Aƙida ya koma ɗaki da zuciya fara tas da dala 126 a aljihu.

Na biyar Alhaji A-gani. Ba shi da rowa, Allah ya sani, amma ba ya kyauta sai da shaidu. Yakan jira sai an rage fitilu, ma'aikata sun jero suna zagaya falo da kek ɗin nan mai askirim a ciki da ake kira Baked Alaska, jama'a na kaɗa adiko a sama. A daidai nan zai miƙe, ya ɗaga ambulan sama kamar kofin gasar ƙwallo, ya ƙwala wa Sarkin Tebura kira daga ƙarshen falo. Matarsa na riƙe da waya. In hoton bai fito da kyau ba, sai ya karɓe ambulan ɗin a sake miƙawa. Na ga an miƙa ambulan ɗaya sau uku, Sarkin Tebura kuma ya yi mamaki sau uku, kowanne sabo fil.

Na shida Ruɗaɗɗe. Wannan ne hawansa na farko, kuma duk mai kaki a wurinsa ɗaya ne. Ya kwana biyu yana yawo da ambulan a aljihun gaba har gumi ya jiƙa shi. Daren ƙarshe ya hango wani dattijo cikin fararen kaya da igiyoyin zinariya a kafaɗa, ya lallaɓa ya cusa masa a hannu, ya ce, "Abincin ya yi daɗi ƙwarai." Babban injiniyan jirgi ne. Mutumin ya dubi ambulan, ya dubi Ruɗaɗɗe, ya mayar masa cikin ladabi ya nuna masa ƙofar falo da yatsa. Tun daga nan Ruɗaɗɗe bai ƙara bin wannan matakala ba.

Ta bakwai Mai Tsaraba. Ita a ganinta kuɗi ba sa nuna ƙauna. Ta taho daga garinsu da jaka cike da maƙalan makulli masu hoton jiharsu, da alewa, da 'yan littattafan wa'azi. In ta so burgewa sai ta haɗa da takardar dala 2, mai hoton Thomas Jefferson, wadda ko a Amurka mai kanti sai ya juya ta sau biyu kafin ya karɓa. Sarkin Tebura ya karɓi maƙalin makulli da hannu bibbiyu. Mutumin da ke kwana a ɗakin da ake buɗewa da kati, ban san makullin da zai rataya ba.

Na takwas Gwanin Ƙorafi. Sau huɗu aka sauya masa tebur: na farko iska ta yi yawa, na biyu yara sun yi yawa, na uku babu kowa, na huɗu ya yi kama da na farko. Shi kaɗai ya cinye rabin makon Sarkin Tebura. In akwai wanda ambulan ya wajaba a kansa, to shi ne. Daren ƙarshe ya kira mutumin gefe, ya dafa kafaɗarsa, ya ba shi shawarwari guda biyar na yadda zai gyara aikinsa.

Ta tara ita ce Tsohuwar Hannu, wata gyatuma daga Fulorida da ta daina ƙirga yawan hawanta. Ba a taɓa ganin ambulan ɗinta ba. Yana wucewa ne cikin gaisuwa kamar yadda kaka ke cusa wa jika kuɗi a ɓoye. Ta san sunan garin Sarkin Tebura, ta san 'yarsa ta shiga makarantar koyon jinya. Ita ce ta ja kunnena da cewa, in an turo takardar jin ra'ayi bayan tafiya, in rubuta sunan duk wanda ya kyautata mini, harafi da harafi. Kuɗi kan ƙare a kasuwar tashar farko, in ji ta, amma suna a takarda shi ke kai mutum ga ƙarin girma.

Saura ni. Daren farko na je wurinsa ina inda-inda, na ce ba na cin naman alade, ba na cin abin da aka dafa da giya. Bai ko ɗaga gira ba. Ya zaro ɗan littafi ya rubuta lambar teburina. Tun daga ranar, kullum ina gama cin abinci sai ya bayyana a bayan kujerata da jerin abincin gobe, ya bi shi da alƙalami layi-layi. "Wannan miyar akwai jar giya a ciki, ranka ya daɗe, za a yi maka taka daban. Wannan wake da kitsen alade aka soya shi, bar shi. Kifin nan lafiya lau." Rannan har kayan zaƙi ya janye daga gabana, cokalina na sama, ya ce sai ya tambayo kicin irin sinadarin da aka daskarar da shi. Wannan shi ne mutumin da Akawu ya auna wa minti biyu. Aikinsa irin na gishiri ne, sai ranar da babu shi ake tuna sunansa.

To, daren ambulan ya zo, na zauna a bakin gado ina dariyar mutanen da na lissafa. Sai na tsinci kaina na buɗe kalkuleta ina mayar da dala zuwa naira. Adadin da ya fito ya sa na ji teku ta fara juya ni, har na fara tunanin taliyar hawa na sama. Na zare takarda ɗaya daga ambulan, na tuna miyar da aka yi mini daban, na mayar. Na sauka falo ina dube-dube ko 'yan teburinmu na kallo, kuma ban ji haushi ba da na ga suna kallo. Kafin in miƙa sai da na karanta sunan da ke ƙirjinsa sau biyu, kada in je in ba injiniya.

Ya karɓa ya zura a aljihun ciki bai duba ba. Murmushin da ya yi mini shi ne dai wanda ya yi wa Akawu da dala 7 ɗinsa, shi ne wanda ya yi wa Gwanin Ƙorafi da shawarwarinsa biyar. Sannan ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Gobe wurin karin kumallo, tsiran da ke tiren hagu ba naka ba ne. Ɗauki na dama."