Wiskin da Ba a Buɗewa

A tsibirin Islay da ke yammacin Sikotilan, galibin masu dafa wiski suna amfani da tsiron sha'ir da aka busar da hayaƙin fit, wato ruɓaɓɓen ciyayin fadama da ya daskare tsawon dubban shekaru, sannan su ajiye barasar a gangar katako aƙalla shekara 3 kamar yadda doka ta tanada. Masana harkar sun fi darajanta gangar da ta taɓa riƙe sheri, giyar inabi ta garin Jerez a Sifaniya, abin da ya kai ga yanzu ana zuba sheri a sababbin ganguna domin katakon ya sha kawai, ruwan kuma sau da yawa a mayar da shi ruwan tsami. Idan masu ɗanɗano suka ambaci warin kwalta, aidin da ƙonannen igiyar jirgin ruwa, yabo suke yi. Masu tara kwalaben wiski kuwa ba su cika kaiwa ga ɗanɗanawa ba, domin darajar kwalbar da aka cire wa marfi takan faɗi a kasuwar gwanjo, don haka mafi tsadar wiskin yakan ƙare a akwatin ƙarfe, da inshora.