Tayil a Kan Tayil

Ana iya shimfiɗa sabon tayil a kan tsoho, masu sana'ar ba su hana ba. Sharaɗi kawai suka gindaya. Kafin a buɗe kwali, sai an bi tsohon daɓen ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Wanda ya kama ƙasa ƙararsa a toshe take, wanda ya saki kuwa sai ka ji yana amsa kuwwa. Irin wannan cire shi ake yi a cike gurbin. Sannan a wanke maiƙo, a gurje santsin fuskar da inji, domin siminti da yashi ba sa kama abu mai sheƙi, sai an haɗa da gam ɗin tayil. Aiki ne na durƙuso, kuma in an gama ba mai gani ya yaba.

Akwai wani gidan gado mai ɗakuna da yawa, wanda magada kan zaɓi mai kula da shi daga lokaci zuwa lokaci. Tun zamanin mai kula na farko bututun ruwa ya tsage a ƙarƙashin babban falo. Danshi ya hau bango, tayil ya dare a layi guda daga ƙofa zuwa kusurwa.

Da aka naɗa na biyu, ya kira wani tsohon mai sa tayil. Dattijon ya durƙusa ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya ce, "Ranka ya daɗe, sai an fasa. Ba a kitso da ƙwarƙwata." Aka gode masa, aka ba shi kuɗin mota. Fasawa tana ta da ƙura, ga kwasar ɓaraguzai, ga baƙi na zuwa. Ban da haka, wa ya san abin da za a tarar? Wasu na cewa bututun da aka binne bai kai kaurin wanda ke rubuce a rasit ba, kuma wanda ya sayo shi suruki ne a gidan.

Sai aka yi karo-karo, aka tafi Kasuwar Ƙofar Ruwa aka lodo tayil mai faɗin santimita 60, guda 4 a kwali, fari tas. Yaron da aka ba aikin bai tambayi komai ba. Kwana kaɗan falo ya zama abin kallo, aka yi walima, mai kula na farko ma a sahun gaba ya zauna.

Tayil da gam sukan ƙara wa ƙasa tudun santimita ɗaya da wani abu. Ƙofa ta ƙi rufuwa, kafinta ya zo ya rage mata gindi. Tsofaffi suka riƙa tuntuɓe a dokin ƙofa, aka ce su dinga kallon gabansu. Kafin damina ta zagayo, tsagar ta fito a kan sabon tayil, daidai layin da take a da.

Na uku ya hau da alkawarin gyara, ya kuwa zagi aikin na biyu son ransa. Shi ruwan toka ya zaɓa, ɗan Sifen, ya ɗora a kan farin. Aka sake karo-karo, aka sake rage ƙofa.

Ɗakunan baya ba a taɓa sa musu tayil ba, daɓen siminti ne tun ginin farko. Yanzu da falo ya yi musu tudu, ruwan da ke tsattsafowa can yake gangarawa. Masu ɗakunan, waɗanda ba a taɓa tsallake su wajen karɓar karo-karo ba, sun ɗora buhunan hatsinsu a kan bulo, yaransu na fama da tari. Da suka kai kuka, aka kafa kwamiti, kwamiti ya shiga falo ya duba, ya ce bai ga ruwa ba.

Watan jiya aka naɗa na huɗu. An ce mai zanen katako yake so, kuma tuni takardar karo-karo ta fara zagaya ɗakuna, daga na baya aka faro.