Injin da Ba Ya Aiki Sai Ya Ga Idona

Zabuwa ba ta iya reno ba. Da damina takan zuba ƙwai a cikin ciyawa ta yi gaba abinta, shi ya sa tun kaka da kakanni ake tsinto ƙwan a sa wa kaza, ta kwanta a kai har kwana 28, alhali na kaji kwana 21 ne kawai. Kawuna na Kebbe yana da zabi masu yawa, kaji masu son kwanci kuwa kaɗan ne. Ni kuma ina Tambuwal ina gyaran waya da rediyo, har na ɗan koyi rubuta wa ƙananan na'urori umarni. Mun haɗu a wurin wani suna, an ci an sha, sai kawai na ji bakina yana yi wa Kawu alkawarin injin ƙyanƙyasa.

Kayan ba su da yawa. Mataccen firij, ƙwan fitila biyu masu aiki da batir don ɗumi, fankar tsohuwar kwamfuta, kwanon ruwa saboda laima, na'urar auna zafi, da ɗan injin da ke karkata tiren ƙwai lokaci-lokaci. Mai ba kowa umarni shi ne Arduino Uno, wani ɗan allo da bai cika tafin hannu ba, wanda danginsa suka samo asali a garin Ivrea na Italiya a 2005, don ɗalibai. A tsakiyarsa akwai 'yar ƙwaƙwalwa, ATmega328P, mai bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, amma wurin ajiyar tunaninta na aiki kilobait 2 ne kacal. Umarnin da na ba ta gajere ne: auna zafi, in ya gaza digiri 37.5 kunna fitila, in ya wuce kashe, rubuta lambar a ɗan gilashi don mutane su gani, koma farko.

A shagona ya yi ta aiki dare da rana ba ko tari. Na ɗaure shi a bayan mota zuwa Kebbe, muka ajiye shi a ɗakin da ke kusa da zaure, muka jona shi da batirin solar gidan. Inna, matar Kawu, ta jera ƙwai da hannunta tana bisimilla. Yaran unguwa suka cika ƙofa. Har wani dattijo ya ce mini injiniya, ban kuwa hana shi ba.

Ba a yi mako ba waya ta shigo.

"Ɗana, wanga injin naka yat tsaya. Munka tashi munka iske shi shiru, lamba guda ga gilashi, ba ta gaba ba ta baya."

"Kawu, ba ku taɓa komai ba?"

"Mi za mu taɓa? Mu da ba mu san kanshi ba."

Duk mai gyara ya san darajar wannan amsa, amma ba a faɗa wa kawu haka. Na hau mota. Na tarar da abin kamar yadda ya ce: fanka tana juyawa, gilashi yana haske, lamba ta daskare, fitilu a kashe, ƙwai sun yi sanyi. Na ciro kwamfutata na jona masa waya don in ga inda ya maƙale. Ina buɗe tagar da yake aiko da saƙo, sai ga shi ya farka, fitila ta kama, lamba ta fara motsi. Masu kallo suka yi kabbara. Ni kaɗai na san abin da ya faru. Haka aka ƙera Uno: da zarar kwamfuta ta buɗe hanyar magana da shi, sai ya fara komai daga farko. Wato da hannuna na goge shaidar da na biya kuɗin mota don in gani.

"Ai shina tsoronka," in ji Kawu.

Daga nan na shiga zargin umarnin, layi bayan layi. Wanda na fara tuhuma shi ne ƙidaya. A wannan allon, lamba ta yau da kullum ba ta wuce 32,767, in aka ƙara mata ɗaya sai ta faɗa can ƙasa da sifili, lissafi ya kife. Kada a raina wannan cuta. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an tura babbar lamba cikin ma'aji mai bit 16 da bai iya ɗaukarta. Na ji daɗin shiga sahun manya, na bincika, sai na ga duk lambobina na lokaci suna cikin babban ma'aji, wanda sai ya yi kusan kwana 50 kafin ya cika. Injina ko kwana 7 bai yi ba. Na koma kan kilobait 2 ɗin nan, domin jimlolin da ake ta haɗawa ana rushewa sukan yayyanka wurin har a rasa inda za a ajiye sabo. Na cire duk wata gaisuwa da na sa yana rubutawa, har da "Barka da zuwa gidan Alhaji" da Kawu ya fi so. Na mayar da shi. Ya sake tsayawa, wannan karon da fitilu a kunne.

Inna ce ta kira ni da kanta. Ta ce in dai gasa ƙwai nake so, tana da murhu, ba sai an wahalar da firij ba.

To, a unguwa kuma bincike ya yi nisa ba tare da ni ba. Wasu suka ce baki ne, an cika yabon abin. Wasu suka ce ɗakin ne, dama tun zamanin kakanmu ba a kwana a cikinsa. Wani ya kawo shawarar turaren hayaƙi, na roƙi arziki a bari, don na'urar auna laima ba ta jituwa da hayaƙi. Ni dai na ce zan kwana da shi. Na shimfiɗa tabarma, na jona kwamfuta, na zuba wa lambobi ido, sauro kuma suka zuba mini nasu. Gari ya waye injin bai ko yi tuntuɓe ba. Na ƙara kwana, lafiya lau. Na naɗe tabarma na koma Tambuwal, kafin in gama karyawa washegari waya ta yi ƙara. Maganar Kawu ta zama hujja, har ana cewa a kawo hotona a manna a jikin firij.

Abin da ya fitar da ni ɗan agogo ne na 'yan kuɗi kaɗan, mai batirinsa, da na ƙara wa allon. Na sa gilashin ya riƙa nuna lokaci kusa da zafi, na ce wa ɗan Kawu duk ranar da ya daskare ya karanta mini abin da ke rubuce kafin kowa ya taɓa. Rahoto na farko: ƙarfe biyar da 'yan mintuna na safe. Na biyu: biyar da 'yan mintuna. Da na tambayi yanayin jiya, sai ya ce hadari ne ya rufe rana tun hantsi.

Sai na tuna: Kawu shi ne ladanin masallacin ƙofar gidansa.

Na je, na ƙi jona kwamfuta, na kafa mita a kan wayar da ke shiga injin, na zauna cikin duhu. Na ji buta, na ji takalmi, na ji Kawu ya yi gyaran murya. Ya danna makunnin amfilifaya, lasifika ta yi "ɗum", fitilun injin suka lumshe suka dawo, lambar gilashi ta tsaya cak. Ashe wata siririyar waya ce guda ta taso daga batir, ta ratsa ɗakin injin, ta wuce masallaci. Da Azahar da La'asar rana tana ciyar da batir, ba a jin komai. Da asuba kuwa fitiluna sun kwana suna zuƙarsa, in jiya an yi hadari ma dama bai ƙoshi ba. Amfilifaya na kamawa sai ta fizge wutar na ɗan ƙiftawar ido.

A nan muguntar abin take. Da wutar ta ɗauke gaba ɗaya, ko ta sauka ƙasa da bolt 2.7, da ƙwaƙwalwar ta kashe kanta ta sake tashi lafiya, don an gina mata wannan kariya. Amma sai ta sauka rabi da rabi, ba ta kai ga kisa ba, ba ta kuma isa gudun miliyan 16 ba. A wannan tsakanin sai magana ta yanke tsakaninta da gilashi, ta aika saƙo ta tsaya jiran amsar da ba za ta zo ba, kamar wanda ya yi sallama a kangon gida ya rantse ba zai gusa ba sai an amsa. A dararen da na kwana da kwamfuta kuma, ita ce ke tallafa masa da bolt 5 ta wayarta duk lokacin da batir ya durƙusa. Tsoron nawa ke nan.

Na jira aka idar da salla, aka yi addu'a, kafin na matsa kusa.

"Kawu, na gano mai tsayar da injin."

"Wane ne?"

"Lasifikarku ce."

Ya dube ni ya daɗe. Wani daga sahun baya ya ce dama ya faɗa, abin da ke gudun kiran salla ai an san ko mene ne. Wani ya ce a'a, injin kirki ne, ya ji kira ya ajiye aiki, mu ne ya kamata mu yi koyi. Aka rabu gida biyu, ba wanda ya nemi jin batun bolt.

Gyaran bai ɗauki wuni ba. Na ja wa injin wayarsa mai kauri daga kan batir, na sa masa babban kondensa da zai riƙe shi na ƙiftawar idon nan, na gajarta wayoyin gilashi. Sannan na kunna mai gadin da ke cikin ƙwaƙwalwar tun daga masana'anta: ɗan agogo ne da dole umarni ya riƙa taɓa shi, in aka yi daƙiƙa 8 ba a taɓa ba sai ya tayar da komai daga farko. Irin wannan gadin ne ya riƙa tayar da kwamfutar kumbon Pathfinder a duniyar Mars a 1997, har injiniyoyi suka gano matsalar suka gyara daga nan ƙasa. Na faɗa wa Kawu haka don ya san ba ni kaɗai ba ne. Ya tambaya ko su ma ƙwan mutane suka ɓata.

Hukuncinsa gajere ne. Batir na masallaci ne, injin baƙo ne, baƙo kuma ba ya korar ɗan gida, don haka kafin wata damina in nemo masa nasa. Da na tambayi sauran ƙwan da za mu gwada da su, Inna ta ce babu, tun tsayawar farko ta kwashe rabi ta sa wa kaji biyu, ga 'yan zabin can suna bin su a bayan rumbu. Wanda ya lalace kuma ta ƙirga, za ta faɗa mini kuɗin in na huta.

Kawu ya raka ni bakin hanya. Muna jiran mota sai ya rage murya.

"Ɗana, tunda abin ga ya san lokacin asuba, ba ka iya sa shi ya riƙa kunna min lasifika da kainai?"

Na ce sai an sayi batir tukuna.