Gaishe Ki Badme, Amaryar Gwamnatoci Biyu

Gaishe ki Badme, ƙauye gagara birane, 'yar ƙura mai tsadar jini! Sauran ƙauyuka da rijiya da makaranta suke tinƙaho, ke kuwa Allah ya ɗaga darajarki, gwamnatoci biyu suka biya sadakinki da 'ya'yan talakawa.

Wa ya kai Meles Zenawi na Habasha da Isaias Afwerki na Eritiriya riƙon zumunci? Tare suka kori Mengistu, mai mulkin Habasha, a 1991, Eritiriya ta samu 'yanci a 1993. A watan Mayun 1998 suka ga bai dace amana irin wannan ta tsaya a fatar baki ba, sai suka shiga gaisawa da bakin igwa a kan filin duwatsu da ƙaya na Badme.

Dubi tattali! Talakawa na layin hatsin agaji, amma shugabanni masu hangen nesa sun san ciki ba ya gaban martaba. Eritiriya ta sayo jiragen MiG-29, Habasha ta sayo Sukhoi-27. Aka haƙa ramuka, aka jero ɗalibai da 'ya'yan manoma sahu-sahu, aka ba su alfarmar taka nakiya kafin kowa. Cikin shekara biyu, mafi yawan ƙiyasi ya ce rayuka 70,000 ko fiye suka tafi. Wace gimbiya aka taɓa yi wa lefe haka?

Ga kuma biyayya ga shari'a. Aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Aljiyas a Disamban 2000. A 2002 hukumar iyaka ta ba Eritiriya ƙauyen, Habasha kuwa ta girmama hukuncin har ta shekara 16 ba ta taɓa shi ba, don kada ya yi datti. A 2005 wata hukumar ta ce Eritiriya ce ta fara kai hari ba bisa ƙa'ida ba. Kowa ya samu takardar da zai yi alfahari da ita. Adalci ke nan!

Abiy Ahmed na Habasha ya karɓi hukuncin iyakar a 2018, aka rungumi juna, aka ba shi lambar Nobel a 2019. Sulhun ya yi albarka sosai, domin a 2020 rundunonin biyu suka haɗa kai, suka auka wa yankin Tigray na Habasha.

Shugabannin da ke ɓarnatar da kuɗi kan asibiti da taki, ku zo ku ɗauki darasi. Asibiti kan rushe, kabari kuwa ba ya neman gyara.