Ƙadangaren Bakin Tulu

Oga ne ya dawo daga wani taron bita da sabuwar fargaba. "Malam, in ɓarawo ya sungumi sabar nan, ina takardun albashinmu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni da ita."

Da daddare na kwashe bayanan gefe, na shiga sabar daga kwamfutata ta hannu, na sa cryptsetup ya rufe faifan ajiyar da LUKS, tsarin kulle faifai na Linux da Clemens Fruhwirth ya fito da shi a 2004. Cryptsetup ya tambaye ni ko na tabbata, wai sai na rubuta YES da manyan baƙaƙe. Na rubuta har ina kaɗa ƙafa.

Sai kalmar sirri. A nan wayona ya motsa. Na ce wane ɓarawon intanet ne a Rasha ko Sin ya san ƙ mai lanƙwasa? Na rubuta ƙadangarenbakintulu, na yi wa kaina jinjina. Don gudun mantuwa kuma na adana ta a wani fayil, a cikin faifan da na kulle. Kar ku tambaye ni.

Mako biyu lafiya lau. Ranar da za a biya albashi aka ɗauke wuta, janareta ya yi gardama, saba ta mutu. Da ta farfaɗo sai ta tsaya cak tana jiran kalmar sirri. Na ja kujera ina murmushi, akanta na tsaye a kaina. Na nemi ƙ, babu. Ashe a wannan matakin injin bai san kowane allon rubutu ba sai na Amurka. Na gwada k zalla, ya ƙi. Na gwada q, irin ta masu rubutu a waya, ya ƙi.

"Malam, lafiya kuwa?"

"Lafiya ƙalau, tsaro ne yake aiki."

Zufa har cikin takalmi. A fasa tulu, albashi ya tafi. A bar shi, ni na tafi.

Sai bayan la'asar na tayar da injin daga filas, na ɗora allon Hausa, faifai ya buɗe. LUKS2 yana karɓar makullai har 32, nan take na ƙara guda da baƙaƙen da ko ɗan firamare a Landan zai iya bugawa. Oga har yau zatonsa ɓarayi na yini ina kora, kuma ban gyara masa ba.