Mu a Nan Ba Mita Muke Tambaya Ba

In ka ga mai sayen mota a Zariya ya fara da leƙa mita yana ƙirga sifiri, to ko dai baƙo ne, ko kuwa motarsa ta farko ke nan. Mu 'yan Samaru da Sabon Gari tambayoyinmu daban suke. Daga hannun wa ta fito? An taɓa sauke injin? Tana shan baƙin mai? Sannan mu ce sai gobe da sassafe, a tayar da ita a gabanmu tun injin bai ɗau ɗumi ba. Mutum ya zagaya baya, ya tsuguna wajen salansa ya zuba ido. In hayaƙin ya fito shuɗi-shuɗi, ringi ya tafi. In fari ne mai kauri da ba ya ɗaukewa, gasket ya ƙone, ruwa na shiga inda bai kamata ba. In baƙi ne, fetur take zuƙa fiye da ƙima, aljihu zai ji a jikinsa.

Muna da dalilinmu. Yawancin motocin da ke zirga-zirga daga Kwangila zuwa bakin get ɗin Jami'ar Ahmadu Bello 'yan Beljiyam ne, sun ci zamaninsu a Amurka ko Turai kafin su sauka a Legas ko Kwatano. Kowa kuma ya san akwai masu mayar da mita baya kafin mota ta iso hannun dillali. Ko ba a taɓa ta ba, motar Amurka da mil take ƙirge, mil guda kuwa ya ɗan haura kilomita 1.6. Wadda ta nuna 200,000 ta ci kilomita kusan 320,000 ke nan, kimanin zagaye duniya sau 8. Shi ya sa muke duba robar birki ko ta suɗe, mu shafa sitiyari, mu zauna a kujerar direba mu ji ko ta lotsa. Masu wayo har ƙarƙashi suke shiga, domin gishirin da ake watsawa a titunan ƙasashen ƙanƙara yana cin ƙarfe, fenti kuwa yana rufa asiri.

Riƙon tsohuwar mota gadonmu ne a garin nan. Kamfanin haɗa Fijo na Kakuri a Kaduna, tafiyar kilomita 80 daga nan, ya fara aiki a 1975. Faransa ta daina ƙera 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. Da ita malaman Jami'ar Ahmadu Bello na wancan zamani suka yi aure, da ita suka kai 'ya'ya makaranta, wasu da ita suka yi ritaya. Har yau kakan ci karo da dattijo a hanyar Shika, fes da shi cikin 504 ko 505, yana tafiya a natse. In ka taya, murmushi zai yi ya ce maka, "Ɗana, wannan ba ta sayarwa ba ce." Daga baya Golf da Sharon suka karɓi hanyar Funtuwa da Kano, Corolla da Honda suka cika gidajen ma'aikata, amma ɗabi'ar tana nan: mota sai ta ƙi da kanta muke rabuwa da ita, kuma ko a nan sai 'yan gwangwan sun auna ta a sikeli.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne Sabon Gari. Ka shiga da mota tana tari, kafin la'asar mutum huɗu sun taɓa ta. Bakanike ya ɗora bakin sukundireba a kan injin, ya kara ƙotar a kunne, ya yi shiru, can ya ce, "Alhaji, ƙarar daga ƙasa take, a sauke kwanon mai mu gani." Yaronsa ya hau acaɓa zuwa shagon Ibo mai kayan gyara, ya dawo da kala biyu, sabo na kwali da na Beljiyam, a ce ka zaɓa. Mu kuwa sau tari na Beljiyam muke ɗauka, don tsohon na asali ya fi sabon jabu ƙarko. Mai waya na gefe da ɗan kwan fitilarsa yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, mai walda na jiran salansa, mai faci na bakin titi. Abin da aka rasa a nan a aika Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in ya gagara a buga waya Ladipo a Legas, direban dare ya taho da shi. In injin ya gaji gaba ɗaya, a sa wani, bodin ya ci gaba da rayuwa.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, naira kuma ta faɗi, kuɗin 'yar Beljiyam ya yi tashin gwauron zabi. Wanda da yake shirin canja mota ya haƙura ya koma wa ta gida. Yanzu a Samaru sai ka ga mutum huɗu 'yan layi ɗaya sun haɗa kuɗin mai zuwa unguwar Kongo, wani kuma ya jingine tasa sai Juma'a da ranar biki. Babu abin kunya a nan. Mai tsohuwar mota da ba a bin sa bashi ya fi mai sabuwa da ba ya barci.

Sai dai in hira ta yi daɗi a wajen mai shayi, nan ake jin inda muke cutar kanmu. Wani tsohon direban hanyar Funtuwa da wani matashin malamin injiniya ba sa haɗuwa ba su yi musu a kan tamostat ba, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa har injin ya ɗau ɗumi.

"Malam, na ƙasar sanyi ne wannan. Mu nan cirewa muke, a haɗa fanka kai tsaye, hankali kwance."

"Baba, ai har motar da ake kai wa Saudiyya da shi take zuwa. Injin yana da zafin da yake so. In ka hana shi, musamman da safiyar hunturun Samaru, sai ya yi ta zuƙar fetur yana cin kansa. In mota tana tafasa, a wanke lagireto, a duba famfon ruwa."

Baba ba ya yarda a baki, amma gaskiya tana wajen Malam. Haka muke ɗura ruwan rijiya a lagireto har tsatsa ta toshe shi. Haka muke barin matatar iska ta cika da ƙurar hunturu. Fitilar gargaɗi ta kama, a manna mata baƙin salatif. Wasu ma har indomin salansa, matatar hayaƙin nan, suke bari a ƙwaƙule a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki, mota ta koma feshin hayaƙi a fuskar 'yan makaranta. Mafi muni shi ne baƙin mai na awo, wanda ba a san asalinsa ba, don ragin 'yan dubbai. Araha ba ta ado. Wani Ba'amurke, Irv Gordon, ya tuƙa Volvo ɗinsa ƙirar 1966 fiye da mil miliyan 3 kafin rasuwarsa a 2018, kuma babban sirrinsa sabis a kan lokaci da bin littafin mota. A titunanmu masu ƙura da cunkoso, juye baƙin mai a duk kilomita 5,000 shi ne mafi arhar gyara.

A nan ne mita take da amfani, kuma a nan ne muke watsi da ita. Ita ke gaya maka lokacin sabis ya yi. Ita ke tuna maka bel ɗin tayimin, wanda kamfanoni da dama ke cewa a canja shi wajen kilomita 100,000, domin a wasu injina in ya tsinke kana gudu, bawul da fistin ne za su yi karo. Ɗan littafi na naira kaɗan a akwatin gaba, a rubuta rana da lambar mita da abin da aka canja, ya isa. Ranar sayarwa ma shi ne shaidarka.

Ga mu kuma da ilimi a ƙofar gida. Cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa tana hanyar Basawa tun 1986, ga tsangayar injiniya a jami'a, ga kwalejin Nuhu Bamalli. Motocin yanzu kwamfuta ke sarrafa su, kunnen bakanike kaɗai ba ya isa. Da za a riƙa shirya wa ƙungiyoyin makanikai gajeren horo cikin Hausa kan na'urar gano ciwon mota, da an rage gyaran canki-canka da ke cinye kuɗin talaka.

Lallaɓawa halal ce a fenti, a kujera, a gilashin da ba ya sauka. Abu uku ne ba sa karɓar lallaɓa: birki, taya da sitiyari. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsufa, ko zanenta na nan, zafin kwalta a watan Afrilu zai iya fasa ta a hanyar Kaduna, da iyali a ciki. Don haka kafin tafiyar Sallah ta bana, maƙwabci, ka duƙa ka karanta lambar tayarka, ka sa a buɗe birkin a gabanka. In kuɗi bai kai ba, a ɗaga fenti zuwa baɗi, a sayi taya.